Kiɗa a Zangon Matuƙa Jirgi: Yadda Alamomin Na'urar Duba Mitoci Suka Kai ga Bakin Zaren

Ƙorafin daga hasumiyar filin jirgin sama ya fito. Rediyon da ma'aikata ke magana da matuƙa a kan mita 118.7 megahaz ya fara buɗe baki shi kaɗai, sai a ji kiɗa a dagule, wani lokaci da muryar mai gabatar da shiri a ƙarƙashinsa, kamar mai magana ta cikin tulu. Matuƙan da ke gangarowa sun fi kowa jin abin. Yakan ɗauke da tsakar dare ya dawo da asuba, da rana kuma yakan yanke na minti ɗaya ko biyu ya sake kunno kai. Ba a ambaci gari ko tasha a nan ba, kuma an zaɓi mitocin da alƙaluman ne yadda lissafi zai fito sarai, amma matakan da kurakuran su ne waɗanda ake cin karo da su a irin wannan aiki.

Zangon FM a Afirka yana farawa daga 87.5 ya tsaya a 108 megahaz. Daga nan zuwa 117.975 na na'urorin nuna wa jirgi hanya da saukar da shi ne, daga 117.975 zuwa 137 kuma na maganar matuƙa da hasumiya, a tsarin AM, wanda ke ɗora murya a kan ƙarfin sigina. Maƙwabta ne katanga ɗaya, sai dai ɗaya yana watsa dubban watt, ɗayan kuwa yana sauraren siginar da ba ta wuce maikirobolt ɗaya ko biyu ba, wato wajen -107 zuwa -101 dBm, ma'aunin ƙarfin sigina wanda lambarsa ke ƙara nisa ƙasa da sifili idan sigina ta ƙara rauni. Wannan maƙwabtaka ce ta sa hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da shawara mai lamba SM.1009 a kan zaman bangarorin biyu. A Najeriya hukumar NAMA ce ke kula da na'urorin sararin samaniya, NBC kuma ke ba gidajen rediyo lasisi. A Nijar da Cadi da Kamaru aikin sararin samaniyar yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka mai kula da zirga-zirgar jiragen sama.

Kayan aikin da aka fita da su ba su da yawa: na'urar duba mitoci ta hannu, irin su FieldFox ta Keysight, Spectrum Master ta Anritsu ko FPH ta Rohde & Schwarz, da eriyar sanda, da atenuweta biyu masu rage ƙarfi, ɗaya 10 dB ɗaya 30 dB (desibel, ma'aunin ragi ko ƙarin ƙarfi), da gajerun kebul waɗanda aka san asararsu.

A gindin hasumiya

Abin da hannu ke fara yi shi ne buɗe allo daga 80 zuwa 130 megahaz a danna maɓallin da aka rubuta Peak a kansa, wato neman ƙololuwa. Alama, ɗan abin nunin da ke karanta mita da ƙarfi a allo, ta yi tsalle ta sauka a kan tashar FM mafi ƙarfi a garin. Aka danna Next Peak, ta koma tasha ta biyu, ta uku, haka har ta ƙare tashoshin, sannan ta tsaya cak. A wajen 118.7 ba ta ga komai ba, alhali rediyon hasumiya yana ta ɓaɓatu a daidai wannan lokacin.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko faɗin kallo. Zanen da ke kan allo ɗigogi ne ƙirgaggu, 401 a FieldFox idan ba a canza ba. Megahaz 50 a raba su gida 400, kowane ɗigo ya ɗauki kilohaz 125, wato layukan magana biyar na matuƙa masu tazarar kilohaz 25 sun cushe a ɗigo guda. Alama kan ɗigo take zama, ba ta iya faɗin abin da ya fi ɗigon siranta. Na biyu tagar tacewa, wadda ake rubutawa RBW. Idan kallo ya yi faɗi na'ura takan buɗe tagar da kanta, kuma duk lokacin da tagar ta ninka goma, hayaniyar ƙasan allo takan tashi da 10 dB ta binne ƙananan sigina. Na uku shi ne wanda ya fi ɓatar da mutane, za a zo kansa.

Aka tsuke kallo ya koma 117.7 zuwa 119.7, kowane ɗigo kilohaz 5. Aka sa tagar a kilohaz 10, aka cire ragin ƙarfi na ciki, aka kunna amfilifayar ƙofa, mai ƙara wa sigina ƙarfi a bakin shiga. Hayaniya ta sauka wajen -115 dBm, sai ga wani tozo mai faɗi yana rawa a tsakiyar allo, tsayinsa kusan -97 dBm. Ido ya gan shi. Aka danna Next Peak, na'ura ta ce babu ƙololuwa.

Ba lalacewa ta yi ba. Kafin na'ura ta kira wani tudu ƙololuwa, sai ya cika sharuɗɗa biyu da ke ɓoye a shafin saitin alama. Na farko iyakar ƙasa: duk abin da bai kai wannan matakin ba, ba a ƙirga shi. Na'urori da yawa suna zuwa daga kamfani da -90 dBm. Tozon -97 yana ƙasa da layin, don haka a wurin na'urar babu shi. Na biyu zurfin kwari: dole zanen ya gangara da wani adadi a dama da hagu kafin ya sake hawa, yawanci 6 dB. Maɓallin Peak shi kaɗai yakan tafi kan ɗigo mafi tsayi ko da me, amma neman na gaba, na dama ko na hagu, duk da waɗannan sharuɗɗa suke aiki. Aka sauke iyakar zuwa -108, 'yan desibel sama da kan hayaniya, nan take alama ta hau tozon.

Zurfin kwarin kuma a bar shi yadda yake a irin wannan wuri. Wanda ya sauke shi zuwa 1 ko 2 dB don alama ta ƙara kaifi, zai ga tana tsalle daga wannan tsinin hayaniya zuwa wancan, danna goma ba ta bar gefen allo ba. Inda ake sauke shi shi ne idan ƙaramar sigina ta laɓe a kafaɗar babba, kwarin da ke tsakaninsu bai kai 6 dB ba. Can ma ya fi kyau a fara tsuke taga, kwarin ya zurfafa da kansa.

Tozon ba ya tsayawa wuri ɗaya, lambar alamar tana canzawa a kowane zagaye. Aka mai da zanen zuwa Max Hold, wanda ke riƙe mafi tsayin abin da kowane ɗigo ya taɓa gani, aka bar shi minti biyu ya cika. A nan akwai tarko guda: da ma'aikacin hasumiya ya danna makirfo, siginarsa za ta soke allo a daidai 118.700 ta zauna a zanen, Peak kuma ba zai ƙara ganin komai ba sai ita. Dole a goge a sake tarawa a tsakanin maganganu. Kuma ba a tsayawa kusa da eriyar watsawar hasumiya da amfilifayar ƙofa a kunne.

Da tozon ya cika, ƙololuwarsa ba ta da amfani sosai, kafaɗunsa ne ke da labari. Aka ɗora alama ta ɗaya a kafaɗar hagu inda zanen ya fara faɗuwa, ta karanta 118.48. Aka danna Delta, aka ja alamar bambanci zuwa kafaɗar dama, ta nuna kilohaz 440. Tsakiya ke nan 118.70. Maganar matuƙi ba ta cin fiye da 'yan kilohaz. Tashar FM lilonta, wato kai da komowar mitarta bisa sauti, kilohaz 75 ne kowane gefe, tozonta kan tsaya wajen 150 zuwa 200. Abin da ya kai 440 ba tasha ɗaya ba ce ta ɓace hanya. Lilon da aka ninka ne, kuma lilo ba ya ninkuwa sai an ninka mita ko an gauraya mitoci.

Lissafin 'ya'yan gauraye

Idan sigina biyu masu ƙarfi suka haɗu a cikin abin da ba ya bin su daidai wa daida, amfilifaya ko miksa (sashen na'ura mai haɗa mitoci) ko ƙarfe mai tsatsa, sukan haifi sababbin mitoci. Mafi cutarwa shi ne wanda ke faɗowa a ninkin ta farko a cire ta biyu, domin kusa da iyayensa yake sauka. Lilonsa kuma na ta farko sau biyu ne haɗe da na ta biyu: 75 da 75 da 75, kilohaz 225 kowane gefe, 450 gaba ɗaya. Ya yi daidai da abin da alama ta auna.

Sai neman iyayen. Aka koma 87.5 zuwa 108, aka kashe amfilifayar ƙofa, wannan karon aka ɗaga iyakar ƙasa zuwa -60 dBm don alama ta tsallake ƙananan tashoshi da na nesa. Iyakar da ta ɓoye sigina ɗazu, yanzu ita ce rariya. Alamomi shida aka jera da Peak da Next Peak, aka kunna teburin alamomi a ƙasan allo. Tun da ƙololuwar FM tana yawo da sauti, kowace lamba sai da aka tabbatar da ita: a aika alamar zuwa tsakiyar allo, a tsuke kallo zuwa kilohaz 500, a duba tsakiyar tozon.

Tashoshi shida suna ba da haɗi 30 na bibbiyu, da wasu 60 idan uku suka gauraya. Amma akwai gajeriyar hanya. Tashar da aka ninka dole mitarta ta kai rabin jimlar 118.7 da 87.5, wato 103.1. Duk wadda ke ƙasa da haka ba za ta iya kai ɗa 118.7 ba a haɗin bibbiyu. Biyu kaɗai suka wuce 103.1 a teburin. Aka gwada 106.5: ninkinta 213.0, a cire 118.7, saura 94.3. Kuma 94.3 tana nan a teburin, alama ta huɗu.

Kunne ya tabbatar. Aka sa na'ura ta fitar da sautin FM a kan alamar 118.7, aka ajiye ƙaramin rediyo a gefe. Shirin 106.5 ne ke sama, da ƙarfi har yana fashewa, na 94.3 yana ƙasa a hankali. Lokutan ma suka faɗa layi: 94.3 tana rufe tasha da tsakar dare ta buɗe da asuba, yankewar rana kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta. Tashoshin biyu a kan dogon ƙarfe ɗaya suke, kimanin kilomita 9 daga filin jirgin, kuma 94.3 ce baƙuwa, ba ta daɗe da ɗaura eriyarta ƙafa goma ƙasa da ta 106.5 ba.

Nisan ma ya bayyana abin da ya sa matuƙa suka fi shan wahala. A sarari fetal, asarar hanya ta kilomita 9 a wannan mita kusan 93 dB ce. Jirgin da ke sama yana kallon ƙarfen kai tsaye, mai eriyar sanda a ƙasa kuwa gine-gine da bishiyoyi sun cinye masa wasu desibel 15 zuwa 20.

Fatalwa da na gaske

Sanin iyaye ba shi ne sanin ɗakin haihuwa ba. Gaurayen zai iya faruwa a cikin rediyon hasumiya, ko a cikin tiransimitar ɗaya daga tashoshin, ko a wani ƙulli mai tsatsa a jikin ƙarfen. Zai kuma iya faruwa a cikin na'urar awon kanta, kuma nan ne aka fi yin rahoton ƙarya da zuciya ɗaya. A filin jirgi tashoshin sun iso da rauni, wajen -45 da -50 dBm, ba su isa su ruɗa na'urar ba, don haka tozon da aka gani can a iska yake, ba rediyon hasumiya ne ya ƙirƙire shi ba. A gindin ƙarfen kuwa labari ya sha bamban.

A can 106.5 ta karanta -5 dBm, 94.3 ta karanta -9. Allo daga 75 zuwa 125, taga kilohaz 100, Max Hold. Tudu huɗu suka tsaya a jere: 82.1, 94.3, 106.5 da 118.7. Aka kafa alamar tushe a 94.3, aka yi ta matsawa da neman ƙololuwar dama da ta hagu: 12.2 zuwa 106.5, wani 12.2 zuwa 118.7, 12.2 kuma baya zuwa 82.1. Tazara iri ɗaya kamar matakan tsani ita ce hatimin gauraye. Mai gaggawa zai ɗauki hoton allon ya rubuta cewa tashoshin biyu duka suna zubar da datti.

Gwajin da ke raba gardama bai fi minti uku ba. Aka bar alama ɗaya a 118.7, ɗaya a 82.1, aka riƙa ƙara ragin ƙarfi na ciki goma-goma, ana goge zanen kowane karo. Na'ura tana mayar da abin da ta rage a lissafinta, saboda haka siginar da ta shigo daga waje ba ta motsi a allo. Wadda aka haifa a miksar na'ura kuwa takan faɗi da 30 dB a duk ragin 10, a mayar mata 10, a allo a ga ta sauka da 20.

Ta 82.1 ta fara da -43, ta koma -63, a ragin 20 ta nutse cikin hayaniya. Fatalwa ce tsantsa. Ta 118.7 ta fara da -38, ta koma -50, sannan -51, ta tsaya. Ita ta gaske ce, amma karatun farko na ƙarya ne: fatalwa ce ta hau kanta ta ƙara mata 13 dB. Ba a yarda da lambar alama sai an ƙara ragi an ga ba ta motsa fiye da desibel ɗaya ba. Idan atenuweta ta waje aka ɗaura, kowa zai sauka da 10, fatalwa da 30, don haka alamar bambanci tsakanin uwa da ɗa ake kallo: idan ta tsaya, na gaske ne.

A ɗakin tiransimita

Tashar 106.5 tana da tiransimita ta zamani mai kilowatt 5, wato 67 dBm. A bakin fitarta akwai kofla mai kafa biyu ta ɗiban samfuri, ɗaya tana ɗibar abin da ke hawa sama zuwa eriya, ɗaya abin da ke saukowa, kowace da ragin 50 dB. Samfurin zai fito da +17 dBm. Iyakar abin da FieldFox irin wannan ke ɗauka +27 dBm ne, rabin watt, kuma kowace na'ura an rubuta nata a gefen kafar shiga. Bai kai ya ƙona ba, amma ya yi wa miksa yawa ƙwarai. Aka ɗaura atenuweta mai 30 dB, aka shigar da gyaran 80 dB a saiti don alama ta riƙa faɗin ainihin ƙarfin da ke cikin bututun. Da an sa wannan gyara, duk zanen ya haura da 80, har da hayaniya, tsohuwar iyakar ƙasa ta zama ba ta tace komai. Sai an ɗaga ta ita ma, in ba haka ba Next Peak zai koma tsalle a kan hayaniya.

A kafar mai saukowa, 106.5 da eriya ta maido ta karanta 41 dBm, wato 26 dB ƙasa da mai hawa, eriyar lafiyarta ƙalau. Amma kusa da ita ga 94.3 a 33 dBm. Watt biyu cur na maƙwabciya suna gangarowa ta kebul suna shiga amfilifayar ƙarshe. Tiransimitar 94.3 kilowatt 2 ce, 63 dBm, ke nan abin da ya raba eriyoyin biyu 30 dB ne kacal.

A kafar mai hawa, alamar bambanci daga 106.5 zuwa 118.7 ta nuna kusan -45 dB. Irin wannan kofla takan ƙara ɗiba da 6 dB idan mita ta ninka, saboda haka a 118.7 tana ƙara kusan 0.9 dB, sai a cire, a samu -46. A kafar mai saukowa 118.7 ta fi haka rauni nesa ba kusa ba. Alkiblar tafiyarta ke nan: daga tiransimita take fita tana hawa. Da tsatsar ƙarfe ce ta haife ta, da a kafar mai saukowa za ta fi ƙarfi. Aka juya tiransimitar kan lodin gwaji, mai shanye ƙarfi a madadin eriya, na ɗan lokaci, 94.3 ta daina shigowa, 118.7 ta ɓace ɗungurungum.

Akwai abin lura a kan wannan lamba ta -46. Uwa tana lilo a faɗin kilohaz 150, ɗan yana lilo a 450, don haka siririyar taga ba ta kama su daidai da juna, sai ta rage wa ɗan ƙarfi. Ko dai a yi amfani da awon ƙarfin zango, a ba kowanne faɗin da ya ishe shi, ko a cire sauti a tashoshin biyu a auna sigina zalla da taga ta kilohaz 1, a kafe alamar tushe a kan uwa kafin a matsar da allo zuwa wurin ɗan. Hanya ta biyu ta fi daidai, amma tana da haɗarin da bai kamata a yi wasa da shi ba: da an cire sauti, duk ƙarfin da ya bazu a kilohaz 450 zai taru a tsini ɗaya a kan 118.700, a tsakiyar layin hasumiya. Ba a yin wannan gwaji sai da sanin hasumiya, a lokacin da babu jirgi, ana riƙe da su a waya, kuma cikin daƙiƙoƙi.

Ƙa'idar ITU ga tiransimitar FM mai wannan ƙarfi ita ce dattin da take fitarwa ya kasance aƙalla 70 dB ƙasa da siginarta, kuma kada ya wuce miliwatt ɗaya. Abin da aka samu 21 dBm ne, fiye da miliwatt 100. Giɓin 24 dB ke nan, kuma tashar da ke kusa da filin jirgi ya kamata ta nemi abin da ya fi ƙa'idar.

Kowa baƙuwa ya fara zargi, tun da da zuwanta abin ya fara. Amma ita ta zo da matatar zango a bakin tiransimitarta, shi ya sa 106.5 ba ta iya shiga cikinta, shi ya sa kuma 82.1 ta zama fatalwa. Tsohuwar ce ba ta da kariya. Amfilifayar tiransista a buɗe take ga dukan zangon FM, ba kamar tsohuwar mai bawul ba wadda gangarta ke tace mita ɗaya. Matatar da ke cikinta kuma an yi ta ne don tare ninkin mita, 213 megahaz da sama, 118.7 kuwa ta ƙofa take wucewa. Muddin ita kaɗai ce a kan ƙarfen babu wanda zai san da wannan rauni. Laifin na tsarin haɗakar ne, da aka ɗaura eriya ta biyu ba tare da an zauna an yi lissafin minti goma ba.

Rage ƙarfi ba ya kai wa. An gwada: rabin ƙarfin 94.3 ya sauke ɗan da 3 dB kawai. Babu tashar da za ta yarda da ragin da zai cike 24. Kafin matatar zangon da za a ɗaura wa 106.5 ta iso, sai aka koma kan jadawalin jirage, tasha ɗaya tana sauka a lokutan tashi da sauka.

Saita matatar zango

Maganin shi ne matatar zango mai ganga biyu, wato gangunan ƙarfe masu barin mitar tashar kaɗai ta wuce, a bakin tiransimitar 106.5. Aiki biyu take yi a tafiya ɗaya: ta tare 94.3 a hanyar shiga, ta sake tare 118.7 a hanyar fita, ragin biyu kuma haɗuwa suke.

Ana saita ta a ƙasa, a cire ta daga tiransimita da eriya. Wannan ba ƙa'idar takarda ba ce. Kebul ɗin eriyar yana ɗauke da watt biyu na maƙwabciya ko da an kashe tiransimitar gida, 33 dBm, ninki huɗu na abin da kafar na'ura ke jurewa. Wanda ya jona na'urarsa a kebul ɗin don duba lafiyar eriya alhali 94.3 tana kan iska, ya ƙona kayan aikinsa. Ko an kashe duka biyun, dogon kebul yakan tara caji, musamman a busasshiyar iskar hunturu, sai a fara haɗa tsakiyarsa da jikinsa a zubar kafin a jona.

Aka mai da na'ura yanayin awon wucewa daga kafa zuwa kafa, aka haɗa kebul biyun kai da kai aka daidaita sifili. A nan alamomin suna da wasu dabarun nema. Neman mafi tsayi da bibiya a kunne yana sa alama ta bi ƙololuwa da kanta yayin da ake murɗa sandar ganga, hannu biyu su samu sakewa. Neman faɗi a -3 dB yana ba da tsakiya da faɗi da asara lokaci ɗaya: 106.5, megahaz 1.1, asarar 0.3 dB. Kada a raina 0.3 ɗin, a kilowatt 5 fiye da watt 300 ne ke zama zafi a jikin gangunan, dole a ajiye su inda iska ke ratsawa. Alamomi biyu kuma aka kafe su da hannu, ba tare da bibiya ba, a 94.3 da 118.7. Suka karanta -54 da -51 dB.

Kuskuren da ake yawan yi yana wajen awon abin da matata ke maidowa. Sai a danna neman mafi zurfi, a yi ta murɗawa har rami ɗaya ya kai -45 dB, a ɗauka an gama. Rami mai zurfi siriri ba ya amfanar siginar da ke lilo. Abin da ake so shi ne mafi munin wuri a cikin faɗin tashar. A kafa alama a 106.3 da 106.7, a taƙaita nema tsakaninsu, a nemi mafi tsayi, a saita har shi ma ya sauka ƙasa da -26 dB. Matatar da aka matse da yawa takan ɓata rabuwar sitiriyo, masu sauraro su fara jin sauti ya canza.

Bayan an ɗaura, aka bar tiransimita ta yi awa ɗaya da cikakken ƙarfi don ƙarfe ya ɗauki zafinsa, aka sake duba abin da ke dawowa. Awon ƙarshe a koflar da ke bayan matata ake yinsa, ta ɓangaren eriya, domin ta gabanta ba ta ganin rabin aikin. Aka danna Peak a allon 118.7, alama ta sauka a wani tsini ta ba da lamba, kusan 85 dB ƙasa da uwa. Aka sake dannawa, ta koma wani wuri daban. Next Peak, da iyakarsa sama da hayaniya, ya ce babu ƙololuwa, wannan karon kuma gaskiya ya faɗa. A rahoto ba a rubuta cewa ɗan yana -85 ba, an rubuta yana ƙasa da -85, tare da faɗin taga, ragin ciki, atenuweta ta waje, gyaran 80 dB, iyakar ƙasa da zurfin kwarin da aka yi aiki da su, don wanda zai maimaita awon ya samu abin da aka samu.

A filin jirgi aka mayar da saitin ranar farko, aka cire gyaran 80 ɗin da ya rage a na'ura, aka bar Max Hold daga buɗe tasha da asuba zuwa hantsi. Tsinin maganar hasumiya da na matuƙa kaɗai suka fito, sirara, tozon babu shi. Aka kuma bar wa masu ƙarfen takardar lissafi a kan tasha ta uku da ke neman gurbi: kafin a ɗaura mata eriya, a haɗa mitarta da 94.3 da 106.5 ta kowace fuska, bibbiyu da uku-uku, a ga ko wani ɗa zai faɗa tsakanin 108 da 137, musamman kusa da 121.5, layin neman agajin gaggawa.